Ƙoƙon Abarshi

Ranar wata Alhamis ce da hantsi, a tsakiyar markar shekarar da ta biyo bayan fara, wadda masu lissafin shekarun Nasara suka ce mini daga baya 1932 ce. Ina da shekara tara ko goma, ina tsaye a rugar wasu Fulani a bayan tudun yashin da ke arewa da Gure, ta hanyar Alakoss, zanena ya jiƙe da raɓa har gwiwa. Inna ce ta aiko ni in karɓo wa ƙanena Abarshi madarar saniya, don kwana shida ke nan cikinsa bai riƙe komai ba. Na miƙa ɗan ƙoƙonsa ga Goggo Dudu, matar da take kawo mana nono gida muna ba ta dusa. Ba ta zuba ba. Ta kai ƙoƙon hancinta, ta yamutsa fuska, ta ɗebo tafasasshen ruwa daga tukunyar da ke kan murhu ta kwarara a ciki, ta dirje shi da dunƙulen kaba, ta ɗauraye. Sannan, ina kallo, ta juya bakinsa ƙasa, ta kife shi a kan wani ɗan gadon itace inda ƙorenta suke jere. Ihun da na kurma sai da maruƙan da ke ɗaure a igiya suka zabura.

Wanda bai tashi a gidanmu ba zai ce yarinyar nan ba ta da hankali, to bari in faɗi dalili. Gidanmu yana gefen gari, zagaye da zana, ɗaki uku, rumbu biyu, turken awaki, da wata tsohuwar aduwa da muke zama a ƙarƙashinta. Baba manomin gero ne, da rani kuma ya gangara kwari ya haƙo kanwa. Amma mai gidan ta gaskiya ita ce uwarsa, Kaka Hajo, gajeruwa mai kaifin ido, wadda ko kaza ba ta kwanta a inda ba ta yarda ba. A wurinta muka gaji wata al'ada: idan yaro ya rasu, uwarsa za ta wanke ƙoƙon da yake shan kunu a ciki, ta kai bayan ɗakinta, ta kife a ƙasa, ta ɗora dutse, ba mai taɓawa sai gara ta cinye. Na taɓa tambayar malaminmu na allo, ya ce shi bai gani a littafi ba, ya kuma ce in koma kan karatuna. Littafi ko babu littafi, a bayan ɗakin Inna ƙoƙuna biyu ne a kife, na Sani da na Mairo. Duka biyun da damina suka tafi, duka biyun bayan yaye, duka biyun da zawo. Shi ya sa da aka haifi na ukunsu aka sa masa Abarshi, suna ne kuma roƙo ne. Tun ranar da aka fafe masa nasa ƙoƙon Kaka ta riƙe kunnena ta ce, “Kome za ki kife ki kife, ban da na mijina. Nasa sama zai riƙa kallo.” Mijina take ce masa, irin wasan kaka da jika, kuma ban taɓa ganin wanda ta so kamarsa ba.

Wanke-wanke aikina ne tun ina shekara shida, kuma in faɗi gaskiya ban ƙaunace shi ba. Da sassafe in kwaso akussa da ƙore da ludaya da muciya da maburgi in kai gindin aduwa, in ɗebi toka da yashi in goge, in ɗauraye da ɗan ruwan da ba zai sa a yi mini faɗan ɓarna ba, don rijiyarmu da nisa, kuma a kaina tulun yake zuwa. In na gama sai in kife manyan a kan wata tsohuwar tabarma a ƙasa, in ruga wurin ƙawayena mu yi 'yar carafke ko mu tuƙa tuwon ƙasa kafin a kira mu makaranta. Ina juya baya kaji su hau, akuya ta zo ta lashe gishirin da ya rage, yayyafi ya fantsamo musu taɓo. Ƙoƙon Abarshi kuwa gefe nake ajiye shi, baki sama, da ɗan guntun ruwa kwance a gindinsa, ƙudaje su kewaye bakinsa su yi baƙi. In za a zuba masa kunu Kaka ta jawo wani tsumma da ke rataye a jikin zana ta goge, tsumman da ake goge hannu da shi, a sauke tukunya da shi, a share wa yaro hanci da shi. Ƙoƙon ma ya taɓa tsagewa, gyartai ya ɗinke shi, ɗinkin ya yi baƙi ƙirin. Ba ƙazanta muke gani a wannan ba. A unguwarmu mu ne ma ake yaba wa tsabta, don kullum tsakar gidanmu a share take.

Shekarar ba ta zo da sauƙi ba. Fara ta cinye geron bara, rumbu ɗaya ya zama gidan ɓeraye, ɗayan kuma sai an shiga da kai ake taɓo hatsi. Muna cin tafasa da yaɗiya da anza wadda sai an jiƙa kwana da kwanaki ɗacinta yake fita. Nonon Inna ya ƙafe Abarshi yana shekara ɗaya da rabi, dole aka yaye shi aka miƙa wa Kaka, kamar yadda ake yi. Bai yi wata guda a ɗakinta ba zawo ya kama shi. Aka yi jiƙon bagaruwa, aka yi na sabara, aka karɓo rubutu aka wanke allo a cikin ƙoƙon nan aka ɗura masa. Likitan bariki kuwa, a ganinmu na soja ne da mutanen kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasar, ba wanda ya ko kawo shi a rai. Yaron da yake bin awaki yana kama musu wutsiya ya koma kwance, idanu sun zurma, fatar cikinsa in ka ja sai ta tsaya. In ya yi kuka baki kawai yake buɗewa, babu hawaye, babu murya. Na san wannan kukan, na gan shi sau biyu. Inna ta daina magana, ta daina tsefe kai, tana daka tana kallon bayan ɗakinta.

Da wannan a cikina na ga Goggo Dudu ta kife ƙoƙon. Na yi kanta ina dukan cinyarta ina cewa ta kashe shi, ta kashe mana shi. Ta riƙe hannuwana biyu da hannunta ɗaya, ta bar ni na gama, sannan ta ce in gaya mata wa ya mutu. Na gaya mata komai cikin shessheƙa, ƙoƙuna biyu da duwatsunsu da maganar Kaka. Ba ta yi dariya ba, kuma har gobe ina gode mata da wannan. Ta ja ni gaban gadon nan nata, itace huɗu masu gwafa an kafa, an jera tsumagu a kai, tsayinsa ya kai ƙirjina. Ta nuna mini ƙoren ɗaya bayan ɗaya, wannan ta ɗanta ce, wannan ta jikarta, kullum a kife suke wuni, ga masu su can suna kiwo. Ta ɗauko ɗaya ta ce in shinshina, na ji ƙamshin rana da ɗan hayaƙi. Ta ɗauko ƙoƙon Abarshi, ta tsinko ƙayar aduwa ta sakace ɗinkin, wani baƙin abu mai yauƙi ya fito, tsaminsa ya bugi hancina duk da wankin da aka yi. Ta ce, “'Yata, in na zuba nono a nan da safe, kafin azahar ya lalace. To cikin yaro ya fi nono ƙarfi ne?”

Ita ba ta san wani abu wai shi ƙwayar cuta ba, nono ta sani. Ta sake ƙona ƙoƙon da ruwan zafi, ta sake kifewa, ta zaunar da ni tana faɗa mini kamar mai koya wa yaro Fatiha: kada a ajiye a ƙasa, kada a goge da tsumma, a bar ruwan ya tsiyaye da kansa iska tana bi ta ƙarƙashi, in ya tsane a jingine shi ya fuskanci rana, in babu rana a kai shi gefen wuta, in ya bushe ƙayau a rufe da faifai a rataye. Ta ce ba za ta zuba mini ko ɗigo ba sai ya bushe. Ban taɓa zaman da ya kai wannan tsawo ba. Ina kallon ruwa yana ɗiga daga bakin ƙoƙon, kowane ɗigo ina jin kamar numfashin ƙanena ne yake fita. Da ta tafasa madarar ta zuba ta rufe mini, na kama hanya, ga shi ba damar gudu kada ta zube. Na ratso gonaki ina tafe ina kasa kunne ko zan jiyo kururuwa daga wajen gidanmu. Na wuce ƙawayena a bakin rijiya suna kirana, ban waiga ba. Na iso ƙofar gida na ji shiru, shirun ya fi kururuwar ba ni tsoro, na tsaya na kasa shiga. Sai na jiyo Kaka tana yi masa waƙar rarrashi ƙasa-ƙasa. Yana nan, a cinyarta, tana kore masa ƙuda da gefen mayafi.

Ban gaya wa kowa ba. Da la'asar na saci laujen Baba na saro sabara mai gwafa guda huɗu, na zare kara daga tsohuwar zana, na ɗaure da kaba, na kafa ɗan gadona a bayan rumbun da babu komai, inda ba mai zuwa. Ya karkace, amma ya tsaya. Washegari na tafasa ruwa da sunan na kunu ne, na ƙona ƙoƙon da ludayinsa da 'yar ƙwaryar da ake ɗebar masa ruwan sha, na kai su can. Ludayin da ƙwaryar ba su ba ni wahala ba. Ƙoƙon ne na riƙe a hannu na daɗe, zuciyata tana ce mini wancan karon hannun Bafillatana ne, ita ba 'yar gidan ba ce, abin bai kama ba, yanzu fa hannun 'yar'uwarsa ne. Na yi bisimilla, na rufe ido, na kife. Na kwasa da gudu zuwa ɗakin Kaka na leƙa, na ga haƙarƙarinsa yana ɗagawa, na dawo na tsuguna gaban gadon, na sake komawa na leƙa. Kaka ta ce wai me na ajiye a ɗakinta ne nake zarya kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Haka na yi kwana uku, safe da rana da yamma, duk lokacin da ya sha wani abu. Na daina zuwa makaranta, malam ya aiko, aka ce ina jinya. Na ɗauke tsumman nan na cusa a ramin ɓera, Kaka ta neme shi ta gaji ta ɗora wa akuya laifi.

Da labari ne na tatsuniya, da a kwana na uku ya tashi ya yi wasa. Ba haka aka yi ba. A kwana na huɗu da safe ya amayar da duk abin da ya sha, kansa ya langaɓe, idonsa ya tsaya rabi a buɗe. A ranar kuma, wajen azahar, Kaka ta bi wata kazarta da take ɓoye ƙwai har bayan rumbu. Ina tsugune a wurin. Ta kalli gadon, ta kalli ƙoƙon a kife, ta kalle ni. Na so ta dake ni, ba ta daka ba. Ta zauna daɓas a ƙasa tana salati, sannan ta ce, a hankali, “Ashe ke ce. Da hannunki, Tabawa.” Ni kaina a lokacin na yarda ni ce. Ga yaro ya fi jiya muni, ga ƙoƙo a kife, me kuma ake nema? Ta ɗauki ƙoƙon ta juya shi sama ta rungume a ƙirji, ta fito tsakar gida tana kiran Inna ta zo ta ga abin da 'yarta take yi, ta ce a karya wannan abin a sa a wuta yanzu. Baba yana gona wajen maimai, babu namijin da zai raba. Na durƙusa ina kuka ina faɗin abin da Goggo Dudu ta ce, maganar nono da azahar, ina haɗa ta da majina, ba na tsammanin akwai wanda ya fahimce ni.

Inna tana zaune a bakin turmi. Mace ce da ban taɓa ganin ta ɗaga ido ta kalli surukarta ba, kuma da yake ni ce 'yar fari, ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai “ke” ko “'yar nan”. Ta miƙe ta zagaya bayan ɗakinta. Muka ji ƙarar dutse, muka sake jin ƙarar dutse. Ta dawo da ƙoƙuna biyu a hannu, gara ta cinye gefen ɗaya, ƙasa tana zuba daga cikinsu, ta durƙusa ta ajiye a gaban Kaka. Ta ce, “Iya, waɗannan ban taɓa juya su ba sai da masu su suka tafi. Kullum sama suke kallo, yadda kika ce. Ga su nan.” Muryarta ba ta tashi ba. Ta miƙa hannu biyu ta karɓi na Abarshi daga ƙirjin Kaka, Kaka kuma ta saki. Inna ta shinshina ɗinkin, ta ɗauko wuƙa ta kankare shi har sai da farin ƙwarya ya fito. Ta ce, “Ki yafe ni, Iya. Wannan zan kife shi yana da rai.” Sannan ta juyo ta dube ni ta ce, “Tabawa, ɗora ruwa.” Sau ɗaya ke nan a duk rayuwarta na ji sunana a bakinta.

Aka ciro gadon daga bayan rumbu aka kafa a tsakiyar gida inda rana take bugawa, Baba da ya dawo ya sake masa ƙafafu masu ƙarfi ya ƙara masa tsawo yadda akuya ba za ta kai ba. Kaka ta shige ɗaki da yaron, ta daina yi mini magana. Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Marka ta rufe, kwana biyu babu rana ko ta magani, ina tsugune gefen murhu ina juya ƙoƙo hayaƙin ɗanyen itace yana cin idona. Kullum da asuba in kama hanyar ruga in karɓo madara, in dawo ina kasa kunne. Inna tana ɗura masa tafasasshen ruwa da bakin ludayi, kaɗan kaɗan, rabi ya shiga rabi ya bi ta gefen baki. Duk kifewar da zan yi sai na je na leƙa, Inna ma na lura sai ta sami dalilin wucewa ta ƙofar ɗakin. Maƙwabta suka zo dubiya suka ga ƙoƙon, suka fita suna magana ƙasa-ƙasa. Na san idan ya tafi, ni da Inna ba za mu ƙara ɗaga kai a gidan nan ba, amma wallahi ba wannan ne ya dame ni ba. Ni dai kada in ga an ɗauko dutse na uku.

A kwana na tara, da hantsi, Inna ta janye ludayi daga bakinsa don ta ƙaro kunu, sai ya kama hannunta ya fasa kuka. Kuka na sosai, mai murya, irin na yaron da aka ƙwace wa abinci. Kaka ta kai yatsa ta taɓa kumatunsa, ta ɗago ta nuna mana. A jiƙe yake. Ta ce, “Hawaye. Mijina yana hawaye.” Muka zauna mu uku a ƙasa muna taya shi.

Kaka ba ta taɓa cewa mun yi daidai ba. Har ta koma ga Allah cewa take rubutun malam ne ya yi aiki, kuma ba ta taɓa kife ƙoƙon da hannunta ba. Amma in ya gama shan kunu sai ta miƙo mini ta kau da kai ta ce, “Ungo, je ki yi wa mijina abin nan naki.” Ni ma ba zan rantse in ce gadon kara ne ya tashe shi ba. Rai na Allah ne, ga madara, ga tafasasshen ruwa, ga addu'ar tsohuwa. Abin da na sani shi ne Inna ta yi haihuwa uku bayansa, ta yaye su duka, kuma ba ta ƙara zagayawa bayan ɗaki da dutse ba. Shekaru da yawa bayan haka, ina da jikoki, wasu 'yan mata da suka yi lakwal, wato makarantar boko, suka zo unguwarmu da hotuna suna koya mana a daina shanya kwanoni a ƙasa. Na saurare su har ƙarshe, na ce Allah ya yi musu albarka, na tuna Goggo Dudu da ƙayar aduwarta.

Yanzu gidan ya zama na siminti, aduwar ta daɗe da faɗuwa, ruwa a famfo yake zuwa. Jikokina suna wanke roba da tasa da sabulu, su kife a kan wani kwandon ƙarfe suna hira suna dariya. Haka ya kamata, ba na yi musu fatan sanin abin da na sani. Sai dai har yau in na ga an kife kofin ƙaramin yaro, sai na ƙirƙiri dalilin da zai kai ni inda yake kwance, su kuma su ce tsohuwa ta fara rikicewa. Abarshi ya girma, ya yi fataucin kanwa tsakanin Gidigir da Bune, ya aurar da 'ya'ya, ya yi furfura har a gira. Ƙoƙonsa yana wurina duk tsawon shekarun nan, a naɗe cikin tsohon zanen Inna. Bara waccan, lokacin girbi, Abarshi ya rasu a ɗakinsa, 'ya'yansa kewaye da shi. Da maza suka dawo daga maƙabarta na ciro ƙoƙon na wanke, na zagaya bayan ɗakina, na kife shi a ƙasa, na ɗora dutse.

Wannan karon ban ruga in duba kowa ba.